Gina Gidan Iyali a Sudan: Amsoshin Tambayoyi Kan Kuɗi da Tsayawa a Kan Aiki

Tun da waɗanda yaƙi ya kora suka fara komawa Sinja da Wad Madani da ƙauyukan Jazira, maganar gini ta dawo bakin mutanenmu Hausawan Sudan. Wani ya tarar da gidansa babu ƙofa babu taga, wani ya tarar da kango, wani kuma yana Jidda ko Riyad yana tara riyal don ya fitar da iyalinsa daga gidan haya. Waɗannan su ne tambayoyin da aka fi yi mini, daga Mai Wurno har Gadarif da Kasala, na kuma amsa su gwargwadon abin da ake gani a bakin aiki.

Malam, a taƙaice, nawa zan tanada in gina ɗaki uku da zaure?

Duk wanda ya yanke maka adadi da fam ɗin Sudan, ka tambaye shi ranar da ya yi lissafin. A watan Fabrairun 2021 gwamnati ta karya darajar fam daga 55 zuwa 375 a kan dala ɗaya, a shekarar kuma hauhawar farashi ta haura kashi 300 cikin ɗari. Kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 dala tana wajen fam 600, a cikin 2024 ta wuce 2,000. Kuɗin da ya isa rufin gida a farkon rani ba lallai ya sayi ƙofofinsa ba kafin damina ta faɗi.

Shi ya sa lissafin gini a nan da kaya ake yin sa. Ka sa a zana maka gidan, ko da a takarda ɗaya ce, sannan injiniya ko tsohon magini ya fitar maka da jeri: siminti tan nawa, rodi tan nawa, jan bulo dubu nawa, yashi da tsakuwa mota nawa, kwano nawa, ƙofa da taga nawa. Wannan jerin yana nan yadda yake ko dala ta hau ko ta sauka. Ranar da kake son sanin inda ka tsaya, sai ka kira kasuwa ka ji farashin ranar, ka ninka.

Ga misali da za ka iya bi da kanka. Ɗaki mai mita huɗu tsawo, huɗu faɗi, in za a zuba masa rufin kankare mai kaurin santimita 15 har ya hau kan bango, zai ci kankare wajen kubik mita uku. Kowane kubik mita na kankaren rufi yana son buhu bakwai mai kilo 50. Buhu 21 ke nan, wato tan ɗaya da buhu guda, tunda buhu 20 ne tan. Ɗaki uku da zaure irin wannan, rufinsu kaɗai ya haura tan huɗu, ba a yi maganar tushe da ginshiƙai da filasta ba. In ka gama haɗa komai, ka ɗora kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari a kai, ka ɗauka cewa za a kashe su.

Wane kashe-kashe ne mutane suka fi mantawa da shi?

Katanga ce ta farko. Filin da ke da mita 20 tsawo da 15 faɗi, zagayensa mita 70 ne. In ka ɗaga katangar mita biyu, bulon da za ta ci ya kusa na ɗaki uku, ga ƙofar ƙarfe ta waje. Gidan Bahaushe kuwa ba ya zaunuwa babu katanga, don haka ka sa ta a lissafi tun ranar farko. In maƙwabcinka ya riga ka ginawa, ku zauna ku daidaita kan bangon da ke tsakaninku da shaidu, kafin ka jingina ko bulo ɗaya da shi.

Sai ruwa. A sabuwar unguwar da famfo bai kai ba, kowace ganga mai karon jaki ne zai kawo ta, gini kuwa yana shan ruwa wajen kwaɓi, wajen jiƙa bulo, da wajen shayar da kankare. Sai bayan gida: masai na gargajiya da sauƙinsa, amma sayfon mai tanki da rijiya mai zurfi yakan ci kuɗin ɗaki guda ko fiye. Sai dako. Simintin Atbara da Barbar, ko wanda aka shigo da shi daga Masar, ko ta Bur Sudan, kafin ya iso Sinnar ko Damazin ya ɗauki kuɗin mai da na hanya, don haka farashin da ɗan'uwanka ya ji a Atbara ba shi za ka tarar a garinku ba. Akwai cikon ƙasa in filin kwari ne, akwai mai gadi, akwai hayar katako da turakun zuba rufi.

Akwai kuma fatur. Wajen ƙarfe goma zuwa sha ɗaya ma'aikata za su ajiye cebur su zauna a inuwa, kwanon ful a tsakiya, burodi a gefe, shayi ya biyo baya. Ƙaramin abu ne a rana ɗaya, amma aikin wata uku ne. Ku yanke tun farko ko a kanka yake ko yana cikin kuɗin aikinsu, don ba ƙaramin ɓacin rai yake jawowa ba in aka bar shi a duhu.

An yi mini tayin fili mai araha, amma hiyaza ce, wato ba shi da rajista, babu shahadar bahas, takardar ofishin rajista mai nuna sunan mai fili. In saya?

Ka fara sanin abin da kake saye. Tun dokar rajistar ƙasa ta 1925 ake rubuta filaye a ofishin rajista, dokar 1970 kuma ta mayar da duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba hannun gwamnati. Dokar mu'amalolin jama'a ta 1984 ta maye gurbinta, amma tushen maganar bai sauya ba. Mai hiyaza yana da zama da amfani, da shaidar shehun gari da maƙwabta, sunansa kuwa ba ya cikin littafin rajista.

A tsofaffin garuruwanmu wannan bai cika damun kowa ba. Mai Wurno tun bayan yaƙin Burmi na 1903 aka kafa ta, kowa ya san gidan kakan wane. Haɗarin yana gefen birane, inda unguwa ke tsirowa kafin masu tsara gari su zo. Ranar da suka zo da taswira, titi zai iya bi ta tsakiyar zaurenka. In dole ce ta sa ka saya, ka biya kuɗin hiyaza, kada ka biya kuɗin fili mai rajista, kuma ka yi ginin da ba zai karya ka ba in an ce a matsa. Kankare da bene sai bayan takarda ta fito.

Fili mai rajista ma ba a sayensa da ido rufe. Ka je ofishin rajista da ƙafarka a fitar da sabuwar shahadar bahas ta sayarwa, ka duba suna, lambar fili da lambar murabba'i, wato rukunin filayen da yake ciki. Ka ɗauki ma'aikacin safiyo ya nuna maka turakun filin, don sau da yawa mutum ya gina a filin maƙwabci saboda dillali ya nuna da yatsa daga cikin mota. In mai sayarwa wakili ne, ka nemi jin muryar mai filin da kansa. Yanzu da mutane suka watse, wasu Masar, wasu Saudiyya, wasu sun riga mu gidan gaskiya, lokacin cin kasuwar mai takardar wakilci ta bogi ne. Ka kuma tambayi darajar unguwar, ta ɗaya ce, ta biyu ko ta uku, domin ita ke nuna irin ginin da hukuma za ta yarda da shi a wurin.

Rikicin ƙabilancin da ya rutsa da mutanenmu a Damazin da Rusairis a watan Yulin 2022 ya isa ya nuna mana nauyin maganar ƙasa. Takarda ba ta hana fitina, amma bayan ƙura ta lafa ita ce mutum zai riƙe a gaban alƙali.

Yaya, filin mahaifinmu ne, ba a raba gado ba. Ni ke da halin ginawa, ƙannena sun ce in gina.

Allah ya ƙara zumunci, amma a raba tukuna, ko a rubuta. Ƙannen da suka ce ka gina yau, 'ya'yansu ne za su zauna da 'ya'yanka gobe, su kuwa ba su ji wannan magana ba. Ku kira malami da dattawa biyu, a fitar da rabon kowa har da mata, a rubuta cewa ginin naka ne, ƙasar kuma ga yadda take. Wadda ta yafe rabonta ta faɗa da bakinta, kada wani ya faɗa a madadinta. In filin yana da rajista, a kai maganar kotu a sauya suna.

Me ya sa gidajen unguwarmu duk suka tsage, har sababbi?

Ƙasar ce. Daga Jazira zuwa Sinnar, Gadarif da Nil Azrak, baƙar laka ce wadda ke kumbura in ta sha ruwa, ta tsuke in ta bushe. Da rani za ka ga ta dare har hannu yana shiga ramin. Ita ce ta sa auduga da dawa da riɗi suke yi a nan, ita ce kuma ke ɗaga gida da damina ta sauke shi da rani. Alamarta a bayyane take: tsaga ta taso daga kusurwar taga ta yi sama a karkace, ƙofa ta ƙi rufuwa a watan Agusta, ta koma daidai a watan Maris. Cibiyar binciken gini da hanyoyi ta Jami'ar Khartum ta daɗe tana nazari a kan wannan ƙasa saboda ɓarnar da take yi.

A nan ne nake roƙon kowa kada ya yi tsumulmula. Fenti da tayil za ka iya sauya su bayan shekara goma, tushe kuwa sau ɗaya ake yin sa. A haƙa ramin gwaji a ga inda lakar ta ƙare ko inda danshinta ya daina sauyawa. Wani wuri ya isa a kwashe lakar a cika da ƙasa mai tsakuwa, a daddaɓe ta hawa-hawa ana yayyafa ruwa. Wani wuri sai an saukar da ginshiƙai ƙasa sosai, a ɗaure su da bim ɗin kankare wanda aka ɗaga bai zauna a kan lakar ba, don in ta kumbura ta sami wurin numfashi. Wanne ya dace da filinka, injiniya ne zai faɗa bayan ya ga ramin, kuma kuɗin zuwansa bai kai na buhunan da za ka ɓata wajen toshe tsaga ba.

Bayan an gama, aikin ya koma hannun masu gida. A zuba daɓen siminti mai faɗin mita ɗaya ko fiye a zagaye da ginin, ya gangara waje. Indararo ya zubar da ruwa nesa da bango. Wurin wanki da alwala da randunan ruwa su bar jikin ɗaki. Darbejiya tana da daɗin inuwa, amma saiwarta tana tsotse danshin gefe guda ta bar ɗaya gefen, sai ginin ya karkata, don haka a dasa ta can wajen katanga. Famfon da ke ɗiga a gindin bango ya fi ruwan sama ɓarna, domin shi ba ya hutawa.

A kuma ɗaga daɓen gida sama da titi. Wanda ya ga ambaliyar 1988, ko ta 2020 da ta rushe ko ta lalata gidaje sama da 100,000 a faɗin ƙasar, ya san cewa taki biyu na matakala a bakin ƙofa ba ado ba ne. Kafin ka sayi fili, ka tambayi tsofaffin wurin inda ruwa ya tsaya a waɗannan shekarun.

Jalus, jan bulo ko bulon siminti?

Jalus, wato ginin laka, ba abin kunya ba ne. Ya fi kowanne sanyi da bazara, ƙasarsa tana kusa, ana kuma iya yin sa da gayya. Sharaɗinsa biyu: ƙafarsa ta zama ta dutse ko jan bulo har ta wuce inda ruwa ke kaiwa, kuma a yi masa yaɓen zibala, wato kashin dabbobi da aka kwaɓa da ƙasa, kafin kowace damina. Gidan jalus da ya faɗi, galibi daga ƙasa ruwa ya ci shi.

Jan bulon da ake gasawa a bakin kogin Nil Azrak shi ne tsaka-tsaki, kuma shi na fi ba mai matsakaicin ƙarfi shawara. Dubu-dubu ake sayar da shi, amma girmansa ya bambanta daga wannan matoya zuwa waccan, saboda haka dubu mai araha ta ƙananan bulo tana iya fin tsada a jikin bango, ga ƙarin kwaɓi. Ka je da ma'auni. Ka ɗauki biyu ka gwara su: gasasshe yana ƙara tsaf, ɗanye kuwa sautinsa a dushe yake, yana kuma barin gari a hannu. A ƙirga a gabanka ranar saukewa, a ware fasassu.

Bulon siminti yana da sauri, yana rage kwaɓi, amma ɗakinsa yana da zafi, ingancinsa kuma ya dogara da yawan bulon da aka buga daga buhu ɗaya. Wanda gefensa ke marmashewa in ka murza da yatsa, ka bar shi.

Wane rufi ya fi?

Kwano ya fi araha da sauri, ba shi da nauyi, wanda hakan alheri ne a kan baƙar laka. Aibinsa zafi, sai an yi masa silin an kuma ɗaga bango. A ɗaure shi da kyau a jikin ƙarfe, a danne gefensa da gini, don guguwar habub ba ta tambayar mai gida kafin ta yaye shi. Akdi libi, wato bulon da ake lanƙwasawa tsakanin ƙarafuna, ya fi kwano sanyi, bai kai kankare tsada ba, amma yana son hannun wanda ya ƙware da kuma shafe mai kyau a sama, in ba haka ba zai yi yoyo a bin ƙarfen. Kankare na wanda ke da niyyar hawa bene ne, shi kuma tun daga tushe ake shirya masa. Kada a ɗora shi a kan bangon da aka yi don kwano.

Wane lokaci ya fi dacewa a fara?

Bayan damina, daga Nuwamba. Da damina kogi yana rufe wuraren gasa bulo, farashinsa ya hau, motar yashi kuma ta kafe a laka. In ruwa ya janye aka sake kunna wuta, bulo yana sauka. Sai dai a Gadarif da kewayenta lokacin yankan riɗi da dawa leburori suna gona, hannu yana tsada har kaka ta wuce. Watannin sanyi sun fi dacewa da zuba kankare. In aiki ya kai ka Afrilu da Mayu, a zuba da asuba ko da yamma, a rufe da buhunan da aka jiƙa.

In ba ɗan kwangila komai, ko in sayi kaya in biya kuɗin hannu?

A wannan zamani kwangilar "ga kuɗi, ba ni makulli" tana cutar ɗayanku. In farashi ya tashi, ko ɗan kwangila ya gudu, ko ya rage siminti don ya fita. Na fi son mai gida ya sayi siminti, rodi da bulo da kansa, ya yi jinga da ma'aikata a kan kuɗin hannu, mataki-mataki: tushe kaza, gini zuwa linta kaza, rufi kaza, filasta kaza a kowace mita. Biyan yini yana da amfani a ƙananan gyare-gyare, amma a babban aiki yana sa rana ta yi tsawo.

A rubuta, ko da magini ɗan ƙanwarka ne. Takardar ta faɗi aikin, kuɗinsa, wanda zai kawo katako da ruwa, da ranar biya. Kuɗin kafin alƙalami ya zama kaɗan. Ƙa'idar da ba na sassautawa a kanta ita ce aiki ya riƙa gaba, kuɗi yana binsa. Ranar da kuɗi ya wuce aiki, magini ya tafi wani ginin, kai kuma ka koma mai roƙo. Haka nan in ya cika nasa, a biya shi a ranar, kada a ce ya dawo jibi. Shi ma da iyali yake.

Sauyin ra'ayi a tsakiyar aiki yana cin kuɗi fiye da yadda ake zato. A nuna wa uwargida zanen tun kafin a ja igiya, a fita fili a zana ɗakunan da toka a ƙasa ta shiga ta gani. Ita ta san inda madafa ya kamata ya kalla da inda baƙo zai bi bai ratsa tsakar gida ba.

Baba, ina aiki a Makka, ƙanina ne zai tsaya mini. Yaya zan yi kada mu ɓata?

Wannan ita ce tambayar da ta fi raba 'yan'uwa, kuma yawanci ba sata ce ke jawo ta ba. Kai kana can kana ƙirga riyal, shi yana nan, gida babu dawa, yaro ba lafiya, maƙwabci ya rasu, ga kuɗin gini a wayarsa. Zai taɓa da niyyar mayarwa. Maganin shi ne ka raba aljihu biyu: kuɗin cefanen gida daban, na gini daban. Ka kuma yanka masa ladan tsayuwarsa a fili. Mutumin da ya bar sana'arsa yana yini a rana saboda ginin wani ya cancanci haƙƙi, in ba ka ba shi ba, ka sa shi cikin jarraba.

Ka riƙe ajiyarka da riyal, wanda yake a daure da dala a kan 3.75 tun 1986, ka riƙa canzawa gwargwadon matakin da za a yi a makon. Kada a tara takardun fam a gida. Wanda ya yi haka ya sha wahala lokacin canjin takardun 500 da 1,000 da aka fara a Disambar 2024, ban da abin da faɗuwar daraja ta riga ta ci. Kuɗin siminti da rodi ka tura wa mai shago kai tsaye ta manhajar banki ta Bankak, ƙaninka ya karɓi kaya ya ƙirga. Ku riƙa tabbatar da shigar kuɗi a cikin asusu, hoton sanarwa kaɗai ba hujja ba ne.

Hoto ma yana da yadda ake neman sa. Na bango da aka gama ba ya gaya maka komai. Ka nemi bidiyon ramin tushe da ma'auni a ciki, na rodi a ɗaure kafin a zuba kankare, da na buhunan da aka zazzage a jere da yamma. Ka ɗauki injiniya ko gogaggen magini wanda ba shi da alaƙa da masu aikin, ya zo sau uku ko huɗu: ranar tushe, ranar ginshiƙai, ranar rufi. Ka gaya wa ƙaninka tun farko cewa masu aikin aka zo dubawa. In za ka ba shi wakilci a hukumance, ka yi shi a ƙaramin ofishin jakadancin Sudan da ke Jidda, a rubuta cewa na gini da bin takardu ne, banda sayarwa da jingina.

Yaya zan gane ana rage mini kaya?

Rodi da lissafi yake. Tsawon sanda mita 12 ne. Mai kaurin milimita 12 nauyinsa ya kusa kilo 11, don haka tan ɗaya sanda 93 zuwa 94 ne. Mai milimita 16 kusan kilo 19 ne, tan ɗaya sanda 52 zuwa 53. In aka kawo maka tan mai sanduna fiye da haka sosai, kada ka yi murna, siraran rodi ne aka sa musu sunan masu kauri. Kafin zubi, ka duba tazarar zobban ginshiƙi ko ta yi daidai da zane, ka kuma ga an sa 'yan ƙananan duwatsun siminti a ƙarƙashin rodi don kankare ya lulluɓe shi. Rodin da ya leƙo waje tsatsa zai yi, ya fasa rufin daga ciki.

A wajen kwaɓi, ɓarnar da ta fi yawa ruwa ne. Lebura yana son kankare mai ruwa-ruwa don ya fi sauƙin ɗauka, ƙarfinsa kuwa raguwa yake. Yashi ya zama mai tsabta: ka damƙa a hannu, in ya bar laka a tafinka, a sauya. Bayan zubi a shayar da shi safe da yamma aƙalla kwana bakwai, cikakken ƙarfinsa sai kwana 28. Kada a cire turakun rufi kafin mako biyu zuwa uku don kawai mai katako yana da wani aikin.

Siminti ba ya son ajiya. A ɗora shi a kan katako, nesa da bango, kada ya wuce wata uku. Wanda ya yi ƙulalai masu tauri ya tashi daga aiki. In kana son ka daskarar da kuɗinka a kaya, rodi, bulo, kwano da ƙofofi sun fi jure jira, in akwai wurin tsaro.

Abu ɗaya kuma: kasuwa ta cika da ƙofofi, tagogi, wayoyin wuta da fankoki masu arahar da ba ta da dalili. Da yawansu daga gidajen mutanen da suka gudu aka ɓalle su. Ka tambayi asalin abu kafin ka saya. Gidan da za ka yi salla a ciki, ka tarbiyyantar da 'ya'ya, bai kamata a rataya masa ƙofar wani bawan Allah ba.

Kuɗina ba za su kai ƙarshe ba. In jira ko in fara?

Ka fara, amma ka fara ƙarami. Kuskuren da ya cika unguwanninmu shi ne a buɗe tushen ɗaki shida, a kai linta, kuɗi ya ƙare, damina uku ta bi ta kai. Zanen ya zama na gidan gaba ɗaya, aikin kuwa a yanka shi yadda kowane yanki zai ƙare a ƙarƙashin rufi. Bayan gida da ɗaki ɗaya, da rakuba, wato rumfa, a gabansa, da katanga ko ta jalus ce, sun isa iyali su tare. Kuɗin hayar da ka huta biya shi zai gina ɗaki na biyu.

Adashe yana taimakawa in zagayensa gajere ne, domin na ƙarshe a dogon adashe yana karɓar kuɗin da ya riga ya zube. Wasu sun koma zubi da buhun siminti ko kimarsa a ranar zubi, kuma hakan ya fi adalci. Gayya, wadda maƙwabtanmu ke yi su ma da sunan nafir, tana da kyau a haƙa, ɗibar ƙasa da cikon fili. Ɗaurin rodi da zuba rufi kuwa a bar wa masu sana'a.

Na koma na tarar da gidana ya lalace. In gyara ko in rushe?

Kafin komai, kada kowa ya taɓa wani ƙarfen da bai sani ba, kada a share, kada a ƙona shara a tsakar gida. Harsasai da gurnetin da ba su fashe ba suna nan a gidaje da yawa, yara ne kuma suka fi ɗauka. A sanar da hukuma su zo su duba.

Bayan haka a kalli ƙashin ginin. Ramin harsashi a bango, ƙofar da aka cire, wayar da aka zare, duk gyara ne. Abin tsoro shi ne ginshiƙi ko bim da ya tsage har rodi ya fito, rufin da ya yi ciki, ko kankaren da wuta ta ci har ya sauya launi yana ɓarewa. Irin wannan sai injiniya ya gani, kada a rufe shi da filasta. Ka ɗauki hoton komai kafin ka gyara, ka ajiye tare da takardun gidan. Wajen mayar da waya, ka sa a ja layin fitilu da fankoki daban, don in ka sami halin sa sola daga baya ba sai an sake fasa bango ba.

An gama. In biya ragowar kuɗin duka?

Ka riƙe kashi biyar zuwa goma cikin ɗari, da sanin mai aikin tun ranar da kuka rubuta takarda, har a gwada aikin. In rufin kankare ne ko akdi, a toshe indararo a tara ruwa a sama kwana biyu, ka shiga ɗaki ka duba ko danshi ya fito. A zuba bokitin ruwa a banɗaki da tsakar gida a ga inda ya nufa. A buɗe kowace ƙofa da taga, a kunna kowane makunni, a ƙwanƙwasa filasta da tayil a ji inda ke da rami a ciki. Na kwano kuwa sai ruwan farko ya sauka za a sani, don haka ku sa ranar biyan ragowar bayansa. Abin da ya fito a gyara, ka cika masa kuɗinsa a gaban shaidun da suka sa hannu, ka karɓi zanen da ke nuna inda bututu da waya suka bi, ka haɗa shi da shahadar fili da rasitan kaya, ka ɗauki hotonsu ka tura wa wani ɗan'uwa da ke wani garin.